Lambun Gida: A Kiyayi Makara

Zuwa ga jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, magidanta da iyayenmu mata. Abin da ya sa aka rubuta wannan takarda shi ne asarar da ake yi kowace shekara a lambunan bayan gida. Mutum ya sayi iri, ya sha wahalar ban ruwa, shuka ta yi kore shar, amma ranar ɗiba ko na miya ɗaya ba a samu ba. Sai a ce iri ne ba shi da kyau, ko a ce baki ne. Galibi ba ko ɗaya, makara ce.

Allah ya yi wa yankinmu baiwa. Damina tana riga sauka a nan kafin arewacin Kano, musamman wajen Falgore da duwatsun Riruwai, ga kuma madatsar Tiga da aka gama a 1974. Manoman Turai da Amurka suna lissafin lambu da ranar da sanyi mai daskarar da raɓa zai ɗauke da ranar da zai dawo. Mu sanyinmu bai kai haka ba, hasali ma hunturu shi ne abokin tumatir. Abin tsoronmu zafin bazara ne, daga gare shi za a faro lissafi a yi baya.

Tumatir yana kama 'ya'ya ne in dare da sanyi. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ɗumame, kamar yadda ake yi daga Maris zuwa Mayu, sai fure ya riƙa kakkaɓewa. A wannan zafin ne kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon take hayayyafa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, tana shiga cikin ganye ta rarake shi, ta huda ɗan tumatir, feshi bai cika kai mata ba. Wa ya manta 2016, shekarar da ta cinye gonakin Kano da Kaduna, har masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta dakata don rashin kaya? Abin da ya durƙusar da manyan manoma, fangali huɗu na bayan ɗaki zai bari?

To ga lissafin. Iri yana yin mako 3 zuwa 4 a wurin reno. Daga dashe zuwa ɗibar fari, wata biyu ne da 'yan kwanaki, sannan a yi kamar wata guda ana ɗiba. Mai son ya gama kafin Maris, sai ya zuba reno daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, ya yi masa rumfa saboda ruwan ƙarshen damina, ya dasa kafin Nuwamba ta yi nisa.

Sha'anin shuka kamar na salla ne. Kowace salla da lokacinta, ladan ba ya jiran mai barci, alfijir ba ya tambaya ko ka gama alwala. Mai hankali tun da dare yake ajiye butarsa kusa, ya kwanta da wuri, ya bar sallahu a tashe shi. Sai dai wanda barci ya kwashe yana iya ramawa in ya farka, Ubangiji mai rahama ne. Mai lambun da ya farka a Janairu kuwa ba shi da ramuwa sai baɗi.

A nan dole a faɗa wa wasu magidanta gaskiya. Ana cikin kaka, hankali ya tafi ga masara da shinkafa, uwargida ta yi ta tuni a kawo iri, kai kana cewa sai an gama sussuka. Sai ka ga lambun maƙwabci ya yi ja sannan ka tashi. Ranar da naka ya lalace ka ce haka Allah ya so. Haba malam! Allah ya ba ka wata uku na sanyi kyauta, kai ka zauna a kansu. Sakaci ba tawakkali ba ne, kuma cefanen da za ka yi da tsada a bazara haƙƙin iyali ne ka tauye.

Sauran kayan lambu, a taƙaice. Albasa da kabeji da karas da latas 'yan sanyi ne, su bi sahun tumatir. Kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da kabewa 'yan damina ne, sanyi yana tsugunar da kuɓewa. Alayyahu yana yi kusan kowane lokaci in da ruwa. Kada ruwan farko na Afrilu ya ruɗe ku, a jira ƙasa ta jiƙu sosai, a kuma saurari hasashen yanayin da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara. A yi shinge saboda awaki da kaji, a sa takin da ya ruɓe, kada a yi ban ruwa da ruwan kwata. In an gama ɗiba a tuge tsohon tumatir a ƙone, kada a bar wa tsutsa masauki. Wanda ya yi feshi ya cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya ɗiba.

Wanda bai gane ba ya tambayi malamin gona na hukumar KNARDA da ke yankinsa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, liman da mai unguwa su tunatar da jama'a tun watan Agusta. Allah ya sa mu dace, amin.