Tarken Cikin Gida: Ma'aunan da Masu Kallo Ke Auna Fina-finan Hausa Masu Dogon Zango da Su a Babura

Tsakure

Galibin nazarce-nazarcen da aka yi a kan fina-finan Hausa sun karkata ga jigo da salo da tasirin baƙin al'adu, ba kasafai ake waiwayar hukuncin da mai kallo ke yankewa a ɗakinsa ba. Wannan maƙala ta ɗauki ra'ayoyin da ake furtawa a gida bayan kallo a matsayin tarke na baka mai ma'aunai tsayayyu. An dogara ga kallon shirye-shirye huɗu, wato Labarina da Izzar So da Gidan Badamasi da Kwana Casa'in, tare da lura da hirarrakin da suke haifarwa a gidajen garin Babura. Maƙalar ta fito da ma'aunai huɗu: darasi da kama da gaskiya da kunya da harshe. Ta kuma nuna ƙarfinsu da rauninsu, da barazanar da kallon waya ke yi wa wannan tarke.

Fitilun kalmomi: tarke, mai kallo, fim mai dogon zango, kunya, Babura

1.0 Gabatarwa

Idan aka kashe akwatin talabijin a gidan Bahaushe, hira ce ke biyo baya. Uwargida za ta ce fim ɗin ya yi ma'ana, saurayi ya ce an cika jan labari, maigida kuwa ya ce kada a ƙara kunna irinsa a gaban yara. Manazarta sun saba ɗaukar waɗannan maganganu a matsayin son rai kawai, abin da bai kai a rubuta ba. Sai dai wanda ya saurare su da kyau zai ga suna maimaituwa daga gida zuwa gida bisa tsari guda, kuma su ke yanke ko fim zai ci gaba da shiga gida ko a rufe masa ƙofa. Manufar wannan maƙala ita ce fito da wannan tsari fili, domin a san da wane mudu jama'a ke awo.

2.0 Daga Silima Zuwa Tsakar Gida

Larkin (2008) ya nuna yadda gidajen silima na Kano suka kasance a wajen ganuwar birni, ana yi musu kallon wuraren da mutumin kirki ba ya zuwa, balle matar aure. Zuwan kaset ɗin bidiyo ne ya sauya lamarin. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa ya tashi a matsayin kayan kallon gida, kuma matan da ke cikin kulle suka zama ginshiƙin kasuwarsa. Bayan kaset aka koma faifai, daga nan tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo shirye-shirye masu fitowa mako-mako, sannan YouTube ya buɗe wa masu shiryawa hanyar kai fim ga waya kai tsaye.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga batunmu. Fim ɗin da aka gina domin tsakar gida, tsakar gida ce kotunsa ta farko. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana tace fim kafin ya fita kasuwa. Iyali kuwa suna tace shi bayan ya shigo, kuma hukuncinsu ba shi da ɗaukaka ƙara.

3.0 Babura a Matsayin Farfajiyar Nazari

Babura ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, cikin masarautar Ringim, tana maƙwabtaka da Ɓaure ta Jihar Katsina, kuma ba ta da nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Kafin ƙirƙiro Jigawa a 1991 tana cikin tsohuwar Jihar Kano, don haka alaƙarta da birnin Kano, inda ake shirya mafi yawan fina-finan, daɗaɗɗiya ce. Noma da kiwo da kasuwanci su ne sana'o'in akasarin jama'arta. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin a 2021.

Hanyoyin kallo a nan uku ne: talabijin ta tauraron ɗan'adam a gidajen da ke da wuta ko sola, da YouTube ga mai halin sayen data, da shagunan da ake tura fim a waya ko a memori a kan kuɗi kaɗan. Abin da ya sa wurin ya dace da wannan nazari shi ne tazarar da ke tsakanin rayuwar mai kallo da rayuwar da ake nuna masa. Manomin da ke kallon falon attajirin birni yana da abin kwatantawa, kuma daga kwatancen nan ne hukunci ke fitowa.

4.0 Ma'aunan Tarken Cikin Gida

4.1 Darasi

Tambayar farko da ake yi wa fim ita ce: me ya koyar? Kalmomin yabo su ne ma'ana da darasi da faɗakarwa, na suka kuwa shirme da sharholiya. Wannan ma'auni gado ne daga tatsuniya da waƙoƙin wa'azi, inda ake sa ran labari ya ƙare da sakayya: mugu ya ga ƙarshensa, mai haƙuri ya dafa dutse. Da wannan mudu Izzar So na Lawan Ahmad ya samu karɓuwa a wajen dattawa. Tauraronsa, Umar Hashim, matashi ne mai gaskiya da riƙon amana a wurin aiki, wanda ke kafa hujja da aya da hadisi a maganarsa. Iyaye kan nuna shi ga 'ya'yansu a matsayin abin koyi, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba shirin izinin shiga gida.

4.2 Kama da Gaskiya

Ma'auni na biyu shi ne ko abin da aka nuna yana faruwa a zahiri. Gaskiyar da ake nufi a nan ta halin ɗan'adam ce. Kwana Casa'in, wanda ya fara fitowa a Arewa24 a 2019, an gina shi a kan ƙagaggiyar jihar Alfawa, amma masu kallo ba sa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, domin sun san sayen ƙuri'a da bangar siyasa da asibitin da ba magani. Akasin haka, idan aka nuna 'yar talaka da kwalliyar da kuɗinta ya fi abincin gidansu na wata, nan take mata ke ganowa su yi tsokaci. Idon matar gida a kan tufafi da girki da zaman kishiyoyi ya fi na manazarci kaifi.

Wannan ma'auni ya fito sarai a Labarina na Aminu Saira, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ba wata jaruma matsayin Sumayya. Muhawarar da ta biyo baya a gidaje ta nuna cewa mai kallo yana ɗaukar fuskar tauraruwa a matsayin alkawari tsakaninsa da mai shiri. Sauya ta a tsakiyar tafiya yana taɓa amincewar da aka gina cikin makonni masu yawa.

4.3 Kunya

Wannan shi ne ma'aunin da ya keɓanta da kallon gida, kuma shi ne mafi ƙarancin samun kulawar manazarta. Tambayar ita ce: za a iya kallonsa tare da wa? Fim ɗin da miji da mata za su kalla su biyu, ba lallai ne a kalle shi a gaban suruka ko ɗan fari ba. Da zarar an fara rawa da waƙa ko kalaman soyayya masu zafi, sai a ga wani ya miƙe ya fita, wata ta shiga madafa duba tukunya, ko a rage sauti. Wannan tashi hukunci ne da aka yanke da jiki ba tare da an furta komai ba. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa shirye-shirye masu dogon zango suka samu gindin zama a falo shi ne rage rawa da waƙa da suka yi idan aka kwatanta da fina-finan zamanin Sangaya da Wasila. Ke nan kunya ta shiga har cikin zubi da tsarin fim, ta hanyar zaɓar abin da zai rayu a kasuwa.

4.4 Harshe

Masu kallo suna auna magana. Suna yaba karin magana da aka sa a muhallinta da habaici mai ratsa jiki, suna kuma ƙorafi a kan Ingausa idan ta yi yawa, musamman tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba. Akwai kuma batun karin harshe. Kananci ne harshen taurari a yawancin fina-finai, sauran kare-karen kuwa an fi sa su a bakin baƙauye ko ɗan barkwanci. Mutumin Babura, da kunnensa ya saba da maganar ƙasar Daura da ta Damagaram a kasuwa, yana lura da wannan rabo, ko da dariya ya yi.

5.0 Ƙarfin Ma'aunan da Rauninsu

Stuart Hall ya bayyana cewa mai kallo na iya karɓar saƙo yadda aka aiko shi, ko ya yi ciniki da shi, ko ya ƙi shi. Abin da ake gani a gidajen Babura ya fi kama da cinikin: a ɗauki darasi, a yi watsi da sutura, a yaba labari, a soki waƙa. Wannan ya raunana zaton da ke cewa mai kallon karkara yana haɗiye duk abin da aka ba shi.

Duk da haka, ma'aunin darasi yana da rauni. Ya fi gane darasin da aka faɗa da baki a kan wanda aka saƙa cikin labari. A ra'ayin wannan maƙala, Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya fi zurfin suka ga zamantakewa fiye da yadda ake ba shi. Labarin attajiri ne mai tarin 'ya'ya da suka zuba wa dukiyarsa ido tun yana raye. A ƙarƙashin barkwancin akwai auri-saki da haihuwa ba tarbiyya da rikicin gado, matsalolin da kotunan shari'a suka sani sarai. Amma da yake ba wanda ya tsaya ya yi wa'azi a ciki, sau da yawa ana ajiye shi a sahun abin dariya kawai. Izzar So kuwa, duk da kyawun manufarsa, tauraronsa ya yi tsarkin da ya rage masa faɗi-tashin zuci, wanda shi ne ke sa tauraro ya zama mutum. Mudun gida yakan ba na biyu maki fiye da na farko, kuma a nan ne tarken ilimi zai iya taimakawa, idan ya fara da sauraro.

Barazana mafi girma ga wannan tarke ita ce waya. Kallo a talabijin yana tara kaka da jika wuri guda, kowa ya ji hukuncin kowa. Kallo a waya da abin sauti a kunne ya mayar da kowa ɗakinsa, kuma ma'aunin kunya ba ya aiki inda ba idon wani. Dakatarwar da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta yi wa shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina, ta nuna hukuma na ƙoƙarin kamo abin da intanet ya kuɓutar. Sai dai ba hukumar da za ta iya maye gurbin hirar tsakar gida.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ra'ayin mai kallo a gida yana tafiya bisa ma'aunai huɗu da suka samo asali daga adabin baka da tarbiyyar Bahaushe, kuma suna da tasiri a kan abin da masu shirya fim ke samarwa. Ana ba da shawarar manazarta su ɗauki hirar bayan kallo a matsayin matani abin tattarawa, kamar yadda aka tattara tatsuniya da waƙoƙin daka. Aikin zai buƙaci mata masu bincike, domin mafi yawan wannan tarke a cikin gida ake yin sa, inda baƙo namiji ba ya shiga. Haka kuma ya kamata a faɗaɗa nazarin zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa, a kuma haɗa da fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa, domin a ga ko da mudu ɗaya ake auna na gida da na waje.