Duwatsun titi da rufin ƙaramin samfuri: abin yi da abin bari

Kai da ka ce za ka haɗa ƙaramin samfurin titin Normandi na 1944 a ma'aunin 1:35, zauna ka ji. Na ga aikin wata uku ya narke cikin minti ɗaya, na ga yatsa ya sha ɗinki. Duk daga kayan aiki ɓarnar ta faro.

Abin da za ka yi

- Yi lissafi kafin ka taɓa reza. Dutse mai faɗin santimita 10 bai wuce milimita 3 a 1:35 ba. In ka zarce haka, sojanka ya koma wada.
- Nemi soso mai tauri, wanda ake kira XPS. Shi ke riƙe zanen dutse idan ka danna bakin fensir.
- Dunƙule takardar alminiyom ka murza a kan soson. Dutsen titi ba ya sumul kamar soso.
- Manna da farin gam na kafintoci. Yana jinkirin bushewa, amma ba ya cin soso.
- Barbaɗa garin filasta cikin ruwa. In ka zuba ruwa a kan gari, gudaji za ka samu.
- Fara jera fale-falen rufi daga bakin ƙasa, kowane layi ya hau kan na ƙasansa. Haka magini ke yi don ruwa ya gangara, kuma mai ido yana gane wanda ya juya.

Abin da ba za ka yi ba

- Kada ka fesa fentin gwangwani a kan tsiraicin soso. Sinadarinsa na narkar da shi nan take. Shafe shi da farin gam tukuna.
- Kada ka ɗiga masa sufa gulu. Rami zai bar maka.
- Kada ka ɗauko farin soso mai ƙwayoyi na kwalin firji don kyauta ne. Marmashewa yake yi.
- Kada ka yanka soso da waya mai zafi a ɗaki rufe. Hayaƙinsa guba ne.
- Kada ka tsoma hannu cikin filasta ka jira ta daskare. Zafi take yi tana kamawa, kuma an yi waɗanda suka rasa yatsu a haka. Ka faɗa wa yaran gidanku ma.
- Kada ka wanke ragowarta a bututun ruwa. A ciki za ta zama dutse.
- Kada ka yi kwanon rufi da kwalin kaya. Tazarar kwarin kwano milimita 76 ce, wato 2 a ma'auninka. Ta kwali ta yi girma.
- Kada ka lafta yumɓun DAS a kan siririn katako. Yana tsukewa in ya bushe, ya lanƙwasa allon.
- Kada ka yi yanka da dakusasshiyar reza. Ita ce ke zamewa ta sami yatsa.