Daga ina aka fara awon?

Na daɗe ina aikin safiyo, kuma ba a rasa mai tambayata lambar nan da waya ke nunawa kusa da kalmar altitude. Ran nan muna fitar da iyakar wani fili a Kano, mai filin ya miƙo min wayarsa ya ce, "Malam, wai mita 480 a sama muke? Ni dai ga ƙafata a ƙasa."

Na ce, "Alhaji, wayar ba ta yi ƙarya ba." Kalmar ta Turanci ce, asalinta daga Latin, daga kalmar da ke nufin abu mai bisa. Ma'anarta nisan abu a tsaye daga saman ruwan teku. Da yake tekun na hawa yana sauka, matsakaicinsa ake ɗauka a matsayin sifili. Da wannan awo Legas kusan a bakin sifilin take, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200, shi ya sa sanyinta daban. Ƙololuwar Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, ita ce mafi bisa a Najeriya.

Mu a wajen aiki elevation muka fi cewa idan ƙasa muke aunawa. Altitude ya fi zama a bakin matuƙa jirgi, su kuma da ƙafa suke lissafi, ka ji an ce ƙafa 35,000.

Inda ake tafka kuskure shi ne fassara duka da "tsawo" kawai. Sau nawa na karanta cewa tsawon Dutsen Dala mita 534 ne! Duk wanda ya taɓa hawa matakalarsa ya san bai yi kusa da rabin kilomita ba. Daga teku aka fara ƙirga wannan lambar, Kano da kanta ta cinye mafi yawanta, abin da ya rage wa dutsen 'yan gomomin mita ne.

Abu ɗaya nake roƙon magina da masu gida. Kada a fitar da gangaren kwata ko tsayin fandisho da lambar waya. Takan kauce da mita da yawa, alhali santimita kaɗan sun isa su juyo da ruwan damina cikin ɗaki. A nemo mai na'urar awo.