DARASIN YAU: Diazepam, ƙwayar da ake sha don ciwon baya



Magidanta, tambaya ta yi yawa a kan diazepam, wadda wasu ke kira Valium, matasa kuma suna ce mata D5 saboda lambar 5mg da ke jikinta. Akwai ta 2mg da ta 10mg ma.

Magani ce ta gaskiya, tun 1963 take kasuwa. Likita na rubuta ta idan naman baya ko na wuya ya ɗaure ya ƙi saki, a asibiti kuma ana tsayar da jijjiga da ita. Sai dai ba a wurin ciwon take aiki ba. Ƙwaƙwalwa take kwantarwa, sai jiki ya saki. Shi ya sa take kawo barci, jiri, kasala da mantuwa, kuma tana kwana a jini har washegari. Mai tuƙa Adaidaita Sahu ko hawa babur ya kiyaye. Dattijo kuwa ya tashi alwalar Asuba, jiri ya kwashe shi a makewayi, ga karaya. Kuma dai kun san barci mai nauyi yana warware alwala, ko da a zaune kake cikin sahu.

Babban haɗarin shi ne haɗa ta da tramadol, ko kodin ɗin nan da gwamnati ta hana maganin tarinsa a 2018, ko giya. Numfashi kan tsaya cikin barci, ba wanda ya sani. Mai ciki da mai shayarwa kada su sha sai likita ya ce. Masu ba yaro don ya yi barci su samu sararin aiki, ku ji tsoron Allah.

Shan ta don larura, bisa umarnin likita, halal ne. Shan ta don a bugu, hukuncin maye ne.

Idan aka wuce mako 2 zuwa 4 ana sha kullum, jiki na sabawa. Wanda ya kai nan kada ya yanke rana ɗaya, don yana iya jawo jijjiga. Ya je Asibitin Murtala ko na Dawanau a rage masa sannu a hankali.

Ciwon baya na gajiya, ni dai nakan fara da gashi da ruwan ɗumi da tausa da man zaitun. In ya sauka ƙafa da sanyin jiki, ko fitsari ya riƙe, a bar tausa, a nufi Asibitin Ƙashi na Dala ranar.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan'uwa.