MAGANIN DA DABBA TAKE DA SHI A JIKINTA

Manomi, ka taɓa lura da harshen saniyarka? Kullum tana cin busasshiyar ciyawa da kara, har da ƙaya. Harshen yakan yanke, amma da wuya ka ga ya yi ruwa ko ya ruɓe. Dalili shi ne Allah ya sa wa dabba magani a cikin jikinta.

Mene ne wannan magani?

Wasu 'yan ƙananan sinadarai ne da jiki yake yi da kansa. Masana suna kiransu feftayid. Ana samunsu a fata, da baki, da hanji, da nono, da cikin jini. A shekarar 1987 wani likita a Amurka, Michael Zasloff, ya lura da kwaɗin da ake yi wa aiki a ɗinke a mayar da su cikin ruwa mai datti, amma raunin ya warke lafiya. Da ya bincika sai ya sami maganin a fatarsu. A 1995 kuma aka gano irinsa a harshen saniya, aka ga yana ƙaruwa a daidai wurin da aka ji ciwo.

Ga yadda yake aiki. Yakan manne wa ƙwayar cuta ya huda fatarta, kamar yadda ƙaya take huda salka ruwa ya tsiyaye. Shi ya sa yana da wuya ƙwayar cuta ta saba da shi. Masana suna ta ƙoƙarin yin sababbin magunguna daga gare shi, amma aikin yana da tsada, kuma kaɗan ne suka kai ga amfani. Saboda haka wanda yake jikin dabbarka shi ne naka, sai ka kula da shi.

Me ya sa maganin kanti yake daina ci?

Da yawanmu in kaza ta yi laushi sai mu fasa jan kafso a ruwan sha. In saniya ta ƙi kiwo sai a yi mata allurar teramaisin sau ɗaya a bari. Magani kaɗan yakan kashe raunanan ƙwayoyin cuta, ya bar masu taurin kai. Su ne za su hayayyafa. Gobe in ka ba da maganin nan, ba zai yi komai ba, kuɗinka ya tafi, dabbar ma ta tafi.

Abin bai tsaya kan dabba ba. Ƙwayoyin nan suna shiga jikin mutum ta nono, da nama, da kashin dabba, da ruwan rijiya. An ƙiyasta a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina ci. Yaronka yana iya kwantawa, a kai shi asibiti a tarar allura ba ta kama shi.

Yadda za ka ƙarfafa maganin jiki

1. Ka bar ɗan maraƙi ko ɗan akuya ya sha dakashi da zarar ya miƙe, cikin awa 6 na farko. Bayan awa 24 hanjinsa ba ya ɗaukar kariyar da ke ciki. Maraƙi mai kilo 20 yana bukatar kamar lita 2. Kada ka tatse dakashi ka zubar ko ka sayar.

2. Ka tanadi abincin rani. Jiki da abinci mai gina jiki yake yin wannan magani. Harawar wake da ta gyaɗa, dusa, angurya da gishirin lasa duk suna taimakawa. Dabbar da yunwa ta ci, cuta ba ta wahala da ita.

3. Ka share turke da akurki, ka bar iska tana shiga. Kada ka cunkusa dabbobi wuri ɗaya.

4. Ka wanke hannunka da hantsar saniya kafin tatsa.

5. Ka kai dabbobi allurar rigakafi. Ciwon Niyukasul mai kashe kaji da hunturu, kafso ba ya yi masa komai. Allurar rigakafi ce maganinsa, kuma ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos.

In dabba ta kwanta fa?

Ka ware ta daga sauran, ka kira malamin dabbobi. In ya rubuta magani, ka ba da shi daidai awo, ka cika kwanakin ko da dabbar ta miƙe. Kada a sha nononta ko a ci namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun wuce. Kada ka sayi maganin da aka shanya a rana a kasuwa.

In kana da tambaya, ka nemi malamin gona na yankinku. Rigakafi ya fi magani.