Autanmu Ya Kai Shekara 15, Har Yanzu Motar Gwangwani Yake Ƙerawa

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Tudun Wada a Gusau, daga wata mai sana'ar ɗinki da ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto:

"Assalamu alaikum, Malam. Ya aiki, ya iyali? Maganar autanmu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun yana ƙarami, in mun je wurin kakarmu a Bungudu bayan girbi, sai ya zauna gindin rumbu yana feƙe kara yana haɗa mota. Duk yaran gidan sun yi sun bari, shi kuwa abin sai gaba yake yi. Daga kara ya koma langa-langa, daga nan sai kwali da gwangwanin madara. Bana har gingimari ya ƙera, da bodin katako da tsani a gefe da fitilu masu kamawa, ya rubuta mata lamba mai GUS gaba da baya. Wallahi maƙwabta har sallama suke yi su gani.

"Baba ne ba ya so. Ya ce ɗan da ya isa ɗaukar buhu bai kamata a gan shi a bola yana tsintar gwangwani ba. Da sakamakon jarrabawa ya fito aka ga ya faɗi lissafi, Baba ya kwashe motoci uku ya zuba a murhu. Yaron bai yi kuka ba, amma tun ranar ya daina hira da kowa. Kawunmu mai gareji a Tsafe ya ce a cire shi daga makaranta a ba shi shi, tunda Allah ya yi masa baiwar hannu. Wani kuma ya gaya wa Baba wai ƙera irin waɗannan abubuwa akwai magana a addini. Inna ta rasa bayan wanda za ta bi. Ni ce babba, ni ke saya masa littattafai da kuɗin ɗinkina. Malam, me zan ce wa Baba?"

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa wannan yaya da alheri, ya yi wa sana'arta albarka.

Gara a fara da mai sauƙin. Maganar da malamai suka yi a kan ƙera sura ta shafi abu mai rai ne, mutum ko dabba. Mota da gida da jirgi ba sa ciki. In zuciyar Baba ba ta kwanta ba, limamin unguwa zai warware masa wannan kafin a tashi daga zaman bayan Magariba.

Sauran maganar ita ce mai nauyi, kuma wannan fili ba zai ce Baba ba shi da hujja ba. Babu kasuwar ƙananan motoci a Gusau da za ta ciyar da magidanci. Faɗuwa a lissafi kuma ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan aji ɗaya na babbar sakandare. Uban da ya ga haka dole hankalinsa ya tashi. Inda aka yi kuskure shi ne murhun, domin abin da aka ƙona shi ne hanya mafi kusa da za a bi a shigar da lissafin nan kan yaron.

A ƙasashe da dama manya masu furfura ne ke wannan aiki, da kuɗinsu da lokacinsu. Kamfanin Lesney na Ingila ya fara fitar da 'yan motocin Matchbox a 1953, Mattel na Amurka ya biyo da Hot Wheels a 1968, a birnin Shizuoka na Japan kuwa kamfanin Tamiya na sayar da mota a wargaje cikin kwali, mai saye ya zauna makonni yana haɗawa yana fenti. Abin da ya raba aikinsu da motar kara abu ɗaya ne, awo. A jikin kwalin za a ga an rubuta 1:24 ko 1:18 ko 1:43. Ma'anar 1:24 ita ce duk santimita 24 a jikin motar gaske ya zama santimita 1 a jikin ƙaramar, daga tsawon bodi har faɗin madubi. Wanda ya iya wannan ya iya rabawa, ya iya kason adadi, ya iya karanta zane. Abin da malamin lissafi ke fama da allo yana koyarwa ke nan.

Kamfanonin mota sun daɗe da gane haka. Daga 1930 zuwa 1968, sashen Fisher Body na kamfanin General Motors ya riƙa shirya wa samari gasar ƙera ƙananan kekunan doki, daga baya ƙananan motoci a kan awon 1:12, kyautar kuma kuɗin karatun jami'a ce. Wani saurayi mai suna Chuck Jordan ya ci gasar a 1947. A 1986 shi ne shugaban sashen zane na kamfanin gaba ɗaya. Har gobe, kafin sabuwar mota ta shiga masana'anta, sai an sassaƙa ta da wani irin yumɓu na musamman, ƙarama tukuna, sannan daidai girmanta.

Ba ma sai an je nesa ba. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a Kaduna a 1966 ya tashi a Sakkwato, ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi Detroit ya koyi zanen mota. Ya shiga General Motors a 1994, kuma zanensa ne ya zama samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. Ba a kawo sunansa don a yi wa yayar alkawarin ƙanenta zai taka wannan matsayi ba. Irin Jelani ba su da yawa. An kawo shi ne don Kawu ya duba hanyar da ya bi, aji bayan aji, babu inda aka cire shi daga makaranta saboda hannunsa na da kyau.

To, ga abin da wannan fili ke ba da shawara a yi, kuma garejin Kawu na da babban amfani a ciki. A hutu mai zuwa, in hanyar Tsafe ta yi lafiya kuma akwai babba da zai raka shi da rana, yaron ya je da tef ɗin awo irin na ɗinkin yayarsa da littafi guda. Ya zaɓi mota ɗaya da ke ajiye a garejin ya auna ta kaf: tsawo, faɗi, tsayi, tazarar ƙafar gaba da ta baya, girman ƙofa, faɗin gilashi. In hanya ba ta yi ba, garejin unguwa a Gusau ya wadatar.

A ɗauki misali da Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma har yanzu ba a rasa tsohuwarta a bayan wani gareji. Tsawonta mita 4.49 ne, faɗinta 1.69, tsayinta 1.46, tsakanin ƙafafunta kuma 2.74. Tayarta ta ɗan haura santimita 60. Marfin gorar ruwa kuwa kusan santimita 3 ne. Ashe ke nan in da marfin gora za a yi taya, awon da ya dace shi ne 1:20, sai a raba komai da 20: tsawon ya zama kusan santimita 22.5, faɗi 8.5, tsayi 7.3, tsakanin ƙafafu 13.7. Mai dabara daga taya yake farawa, domin ita ce ta fi wuyar ƙerawa da hannu, sauran jikin kuma ya bi ta. Yawancin motocin da yara ke yi, in aka lura, tayoyin sun yi wa jikin girma ko kan motar ya yi tsayi, ido na ganin akwai abin da bai zauna ba ko da mai kallo bai san mene ne ba. Ranar da yaron ya ajiye mota mai cikakken awo a kan tabarma, Baba da kansa zai ce wannan ai fijo ce, tun kafin a shafa mata fenti.

Sharaɗin da yayar za ta kafa masa shi ne, ba zai yanka kwali ba sai ya zana motar a takarda ta fuska uku, gefe da gaba da sama, da lissafin kowane awo a rubuce a gefen zanen. Littafin nan shi za a riƙa nuna wa Baba.

Sai ƙawata aikin, inda daɗin abin yake. Gilashi daga farar gorar roba ake yankowa, a goge ta tas kafin a manna, don gam ba ya fita in ya taɓa ta. Layin ƙofa da na bonet ba da biro ake ja ba, da bayan reza ake karta shi a hankali a kan rula. Inda kwali biyu suka haɗu suka bar rami, a kwaɓa garin katako da gam irin na kafinta a cike, in ya bushe a bi da samfefa mai laushi. Fenti kuma, shafa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kowace a bar ta ta bushe. Gaggawa a nan ita ke sa fenti ya yi hawaye ya ɓata aikin mako guda. In ana son layi mai launi biyu, a liƙa salatif a yi fentin, a ɓare bayan ya sha iska.

Tunda gingimari ce ta fi burge shi, ya je tasha ya tsaya ya kalli ta gaske da idon mai ƙira. Zai ga sarƙar da ke lilo a ƙofar baya, da jarkar ruwa da butar da yaran mota ke ɗaurewa a gefe, da tayar safaya a ƙarƙashin bodi, da yadda katakon ya yi baƙi daidai inda hannu ke kamawa wajen hawa. Zai ga ƙura ba ta kwanta ko'ina daidai ba, ta fi yawa a bayan taya da ƙasan bodi. Masu wannan aiki a waje har kuɗi suke sa wa su sayi garin da ke kwaikwayon ƙura. Shi kuwa ƙasar ƙofar gida ta ishe shi: ya tankaɗe ta da rariya, ya dama da ruwa da ɗigon gam, ya ɗiɗɗiga da tsohon buroshin haƙori.

Maganar bola kuwa, a nan Baba ya fi kowa gaskiya, kuma a daina ta yau. Mai shayin unguwa na zubar da gwangwanin madara kullum, in an roƙe shi zai tara. Mai shago na da kwali, kafinta na da guntayen katako, mai gyaran rediyo na da ƙananan injina da wayoyi. Gwangwani mai tsatsa in ya yanki hannu yana iya jawo ciwon tetanus, don haka duk yanka mai zurfi a wanke a kai shi asibiti.

Akwai haɗari biyu da wannan fili ba zai yi shiru a kansu ba. Na farko dalma. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a ba su labarinta: a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ita dai wannan dalma tana cikin tsohon batirin mota da na babur, tana kuma cikin wayar da ake narkawa a liƙa wayoyin lantarki. Kada yaron ya fasa batir ko da wasa, in ya yi liƙi ya yi a tsakar gida, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, kuma kada ƙananan yara su zauna kusa. Na biyu tsohon batirin waya, musamman wanda ya kumbura, yana iya kamawa da wuta in an huda shi ko an haɗa wayoyinsa ba daidai ba. Batirin tocila ya isa kunna fitilun kowace gingimari.

Yadda za a tunkari Baba ma yana bukatar dabara. Kada yayar ta je masa da zancen ya yi kuskure, kuma kada a yi maganar gaban yaron. Ta fara samun Inna su daidaita baki, sannan a sami lokacin da ya huta. Ta ce masa ta ji damuwarsa a kan lissafin, kuma ga abin da take roƙo: a ba su zango ɗaya. Ranakun makaranta babu taɓa kwali sai an gama aikin gida da Islamiyya, Asabar da Lahadi kuma yaron ya yi ƙirarsa a gida, ba a bola ba. In zango ya ƙare a duba sakamako tare da littafin awon. Uba ya fi saurin yarda da abin da ke da wa'adi da sharaɗi, domin ikon yanke hukunci na nan a hannunsa.

Shi ma yaron a gaya masa gaskiya. Bidiyon da ake ɗauka a sa a Facebook, jama'a su yi ta yabo kwana biyu, ba ya kai kowa ko'ina; arewa ta ga samari da yawa da aka yi wa haka aka manta da su. Abin da zai buɗe masa ƙofar Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, shi ne cin lissafi da kimiyya da Turanci a jarrabawar fita sakandare. In makarantarsu na koyar da zanen fasaha, ya shiga ajin tun yanzu, ya kuma kai wa malamin littafinsa ya duba masa.

Kawu kuma a gode masa, a karɓi rabin tayinsa: yaron zai riƙa zuwa gareji a dogon hutu, ya koyi kwance inji da ɗaurawa, ya ga yadda sitiyari ke juya ƙafafun gaba, ya dawo aji in an koma makaranta. Yayar kuwa, kafin duk wannan, ta saya masa rula ta ƙarfe da fensir da littafin zane, ta miƙa masa da hannunta, ta tambaye shi wace mota zai fara aunawa.