Amsoshin Tambayoyinku: Matsayin Addinin Yahudanci

Malam mai sauraronmu daga Makoda a jihar Kano, kana tambaya ko Yahudanci na cikin manyan addinan duniya. To, in ta yawan mabiya ne, a'a, domin Yahudawa ba su wuce miliyan 16 ba, akasarinsu a Isra'ila da Amurka. Girmansa a tarihi yake: ya riga Kiristanci, kuma Attaura ce littafinsu. Ubangiji ɗaya suke bauta wa, ba sa cin alade, ana yi wa jariri kaciya rana ta takwas, masu riƙon addini kuwa ko wuta ba sa kunnawa ran Asabar. Labarinsu ma ya taɓo mu: Shehu Magili, baƙon Sarkin Kano Rumfa, ya yi rikici da Yahudawan yankin Tuwat a wajajen 1492.